Kyakkyawan Fata na Gaskiya da na Fatar Baki

Kusan babu wanda bai taɓa kai kukansa wurin wani ba aka ce masa, "Kada ka damu, komai zai wuce." Abin lura shi ne wannan jimla guda tana iya yin aiki biyu masu karo da juna. Akwai bakin da idan ta fito daga cikinsa mai damuwa zai ji nauyin ƙirjinsa ya ragu, akwai kuma bakin da idan ta fito daga cikinsa zai ji an sallame shi ne cikin ladabi don kada ya ci gaba da bayani. Kalmomin ba su canza ba, kuma mai yiwuwa dukkan masu faɗin alheri suke nufi. Abin da ya raba su shi ne ɗaya ya tsaya ya ga girman matsalar kafin ya buɗe baki, ɗayan kuwa ya yi saurin magana ne domin kada ya gan ta. A nan kyakkyawan fata na gaskiya ya rabu da na fatar baki, kuma ina ganin ɓacin rai mai yawa da ke shiga tsakanin ma'aurata da abokai da 'yan uwa daga rashin gane wannan rabuwa yake tasowa.

Ya kamata a fara sanin inda kyakkyawan fata yake zaune a cikin mutum, domin da yawa sun ɗauka fara'a ce da yawan murmushi, ko wata baiwa da ake haihuwar wasu da ita a hana wasu. A shekarar 1967 wasu masu binciken halayya biyu a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, Martin Seligman da Steven Maier, suka lura cewa karnukan da aka sa cikin wahalar da ba su da ikon tsayar da ita, daga baya ko an buɗe musu hanyar tsira sai su kwanta su yi ta jurewa, kamar sun riga sun yanke cewa motsi ba shi da amfani. Da aka gwada makamancin haka a kan mutane, ta hanyar ƙara mai damun kunne wadda ba su iya kashewa, sai aka ga irin wannan sallamawa, amma ba ga kowa ba, domin kusan ɗaya cikin uku sun ƙi sallamawa. Tambayar da ta rage ita ce me ya bambanta waɗannan da sauran. A 1978 Seligman tare da Lyn Abramson da John Teasdale suka kawo amsar da har yau ake gini a kanta, wato yadda mutum yake fassara wa kansa dalilin abin da ya same shi.

Fassarar tana amsa tambayoyi uku ne ko mutum bai san yana yin su ba: abin nan zai dawwama ne ko na ɗan lokaci ne, ya shafi rayuwata duka ne ko ɓangare guda, kuma daga wani aibi da ke jikina ya fito ko akwai wasu dalilai. A ɗauki mutane biyu da suka nemi aiki aka ƙi ɗaukarsu. Na farko ya ce a ransa shi dama ba ya sa'a, babu abin da ya taɓa yi ya yi kyau, kuma haka zai ƙare. Na biyu ya ce bai shirya wa tambayoyin da aka yi masa ba, masu nema sun yi yawa a wannan karon, zai gyara inda ya gaza ya sake gwadawa. Na biyun bai yi wa kansa ƙarya ba, bai ce an zalunce shi ba, bai kuma ce rashin aikin alheri ne ba, ya ma amsa laifinsa na rashin shiri. Abin da ya yi kawai shi ne ya ba wa matsalar iyaka, ya ajiye ta daidai girmanta, alhali na farkon ya ɗauki abin da ya faru a rana guda ya shimfiɗa shi a kan dukkan rayuwarsa. Idan aka duba da kyau, mai mummunan fatan ne ya fi yin nisa da gaskiya, ko da yake shi ne yake yawan cewa shi mai faɗin gaskiya ne.

A 2016, bayan kusan shekara 50, Maier da Seligman suka dawo suka gyara ra'ayinsu na farko bisa abin da binciken ƙwaƙwalwa ya nuna. Suka ce sallamawa a gaban wahala mai tsawo ita ce abin da halitta take yi da kanta ba tare da an koya mata ba, abin da ake koya shi ne gane cewa mutum yana da ikon yin wani abu. Wannan gyara yana da muhimmanci ga batunmu, domin yana nufin wanda ya yanke ƙauna ba lallai raggo ba ne, kuma kyakkyawan fata abu ne da ake samu ta hanyar ganin cewa ƙoƙari yana haifar da sakamako. Mutanen da muke zaune da su suna daga cikin manyan masu koya mana wannan darasi ko masu goge mana shi.

Tambayoyin nan uku ba a kan kanmu kaɗai muke yin su ba, muna yin su a kan duk wanda ya ɓata mana. Miji ya makara bai kira ba, matar tana iya cewa, "Maigida, yau ka makara ba ka sanar da ni ba, hankalina ya tashi," tana kuma iya cewa, "Kai dama ba ka taɓa damuwa da ni ba." Jimlar farko ta tsaya a kan rana guda da aiki guda, ta bar wa mijin wurin da zai ba da haƙuri ya gyara gobe. Ta biyun ta yanke hukunci a kan halinsa gaba ɗaya, kuma mutumin da aka ce masa halinsa ne ba shi da abin gyarawa, sai dai ya kare kansa ta hanyar lissafo duk ranakun da ya damu da ita, daga nan kuma maganar makara ta ɓace an koma gardama a kan shekaru. Haka yake idan mijin ne ya ce wa matar "kullum haka kike." Thomas Bradbury da Frank Fincham sun tattara binciken da aka yi a kan wannan a 1990, suka nuna cewa ma'auratan da zamansu ba ya daɗi suna yawan ɗaukar kuskuren abokin zama a matsayin ganganci da hali mai dawwama, alherinsa kuma su ɗauke shi a matsayin abin da ya faru bisa kuskure ko don wata manufa, yayin da masu jin daɗin zamansu suke yin akasin haka. Don haka kalmomin "kullum" da "ba ka taɓa" da "dama" sun cancanci a sa musu ido, domin su ne tufafin da mummunan fata ya fi sawa idan zai fito bainar jama'a.

Akwai dalilin da ya sa wannan kuskure yake da sauƙin aukuwa. Idan ni na makara, na san cunkoson hanya da aikin da ya riƙe ni, amma idan wani ya makara, makararsa kaɗai nake gani, sai na cike giɓin da abin da na ga dama, kuma abin da ya fi saurin zuwa shi ne halinsa. Lee Ross na Jami'ar Stanford ya sa wa wannan karkata suna a 1977, ya ɗauke ta a matsayin babban kuskuren da mutane ke yi wajen fassara ayyukan junansu. Maganinta shi ne abin da muke kira kyautata zato, wato ka ba wa ɗan uwanka irin uzurin da kake ba wa kanka. Alƙur'ani a Suratul Hujurat ya yi umarni da nisantar da yawa daga zato, kuma ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana son fatan alheri, da aka tambaye shi mene ne shi ya ce kalma ce mai daɗi. Yana burge ni cewa an ɗaure fatan alheri da kalma, domin a baki ne ake gane shi.

Zamanin wayar hannu ya ƙara wa wannan matsala nauyi. Saƙon rubutu ba shi da murya, ba shi da fuska, kuma labarin zuciya fuska ake tambaya. A 2005 Justin Kruger da Nicholas Epley da abokan aikinsu suka sa mutane su aika wa juna saƙonnin imel, wasu da gaske wasu da gatse, suka tarar masu aikawa suna da tabbacin za a gane nufinsu, alhali a ɗaya daga cikin gwaje-gwajen abin da masu karɓa suka gane daidai da ƙyar ya wuce rabi, kusan daidai da wanda ya yi canki-canka. Mai rubutu yana jin muryarsa a kansa lokacin da yake rubutawa, ya manta cewa muryar ba ta bi saƙon ba. Saboda haka idan aboki ya amsa dogon saƙo da "to" kawai, ko aka ga alamar ya karanta a WhatsApp bai amsa ba, mai kyakkyawan fata ba ya ce lallai babu komai, domin shi ma bai sani ba. Yana riƙe hukuncinsa ne, ya tuna cewa mutum yana iya kasancewa a bakin aiki ko a kan hanya ko cikin wata damuwa tasa, sannan idan abin ya dame shi ya kira ya tambaya. Tambayar ita ce muhimmin ɓangaren, domin ba a tambayar wanda aka riga aka yanke wa hukunci.

Wannan ya kai mu ga wani abu da ake yawan juya shi baibai, wato ɗaukar cewa mai kyakkyawan fata ba ya ƙorafi. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, kuma wanda ya daina faɗin abin da ke damunsa sau da yawa ya daina ne saboda ya cire rai da gyara. John Gottman, wanda ya daɗe yana nazarin hirar ma'aurata a Jami'ar Washington, ya bambanta ƙorafi a kan aiki da suka a kan mutum, ya kuma nuna cewa raini shi ne ya fi komai nuna alamar aure zai mutu. A wani bincike da ya yi da Sybil Carrère a 1999, sun ga cewa yadda sababbin ma'aurata suka fara mintuna uku na farko na tattauna saɓaninsu yana nuna inda auren zai dosa bayan shekaru. Shi ne kuma ya shahara da cewa a auren da ya zauna lafiya, ko ana cikin gardama, ana samun kusan kyawawan mu'amaloli biyar a kan kowace mummuna guda. Ba na ganin amfanin mutum ya zauna yana ƙirga murmushinsa don ya cika biyar, amma lissafin yana tuna mana cewa mummunar kalma ta fi kyakkyawa nauyi a zuciya, kuma magana zarar bunu ce.

Wurin da na fi son a tsaya a kansa shi ne wanda aka fi mantawa, wato abin da muke yi idan wani ya zo mana da labari mai daɗi. Mun saba auna aboki da ranar wuya, kuma gaskiya ne ranar wuya tana tona asirin abota, amma ranakun daɗi sun fi yawa a rayuwar yau da kullum, kuma a cikinsu ne zumunci yake ƙaruwa ko ya rame ba tare da kowa ya lura ba. Shelly Gable da abokan aikinta sun bayyana a 2004 cewa amsar labari mai daɗi tana zuwa ta fuska huɗu. A ce ƙanwa ta zo wa yayanta da murna ta ce, "Yaya, an ba ni gurbin karatun da na nema." Yana iya ɗagowa ya ce "madalla" ya koma kan wayarsa. Yana iya cewa, "To, kin yi tunanin kuɗin da za a kashe da nisan wurin?" Yana iya tsallake maganar gaba ɗaya ya shiga ba ta labarin abin da ya same shi a wurin aiki. Yana kuma iya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Alhamdu lillahi! Zauna ki faɗa mini, yaushe suka sanar da ke, me kika ji da kika ga sunanki?" Amsa ta ƙarshen kaɗai aka samu tana tafiya tare da ƙaruwar yarda da kusanci, har ma ta farkon, wadda ba ta da laifi a zahiri, ba ta gina komai. A wani binciken na 2006 Gable ta tarar cewa yadda masoya ke amsa labarin daɗin junansu ya fi yadda suke amsa labarin damuwa nuna ko dangantakar za ta ɗore.

Amsa ta biyu ce ta fi ba ni tausayi, domin mai yin ta yawanci ƙauna ce take sa shi. Iyaye da yayye da mazaje da yawa suna jin cewa aikinsu ne su hango haɗari kafin wanda suke so ya faɗa ciki, don haka da zarar an kawo musu abin murna sai idonsu ya tafi kan ramin da ke gaba. Tambayar kuɗi da nisa tambaya ce ta gaskiya, kuma dole a yi ta, sai dai tana da lokacinta. Idan ta zo a minti na farko, abin da ƙanwar za ta koya shi ne kada ta sake kawo wa yayanta murnarta da zafinta, ta fara kai wa wani, shi kuma sai labari ya huce zai ji. Idan ta zo washegari, bayan an yi murna tare, za ta karɓe ta a matsayin taimakon wanda yake son abin ya yiwu. Shekaru suna tafiya sai mutum ya wayi gari yana mamakin yadda 'ya'yansa ko matarsa ba sa gaya masa komai, bai san cewa shi ya koya musu hakan da kaɗan-kaɗan ba.

A ranar wuya kuma, inda muka faro, jarrabawar ta fi tsanani. Na taɓa yin wannan kuskure da wani abokina da ya fara gaya mini abin da likitoci suka ce game da ciwon mahaifiyarsa. Bai ƙarasa ba na tari numfashinsa da cewa za ta warke, kada ya sa komai a ransa. Ya yi shiru, ya ce haka ne, muka koma wata hira, kuma bai sake ɗauko mini maganar ba har ta rasu. Daga baya na gane cewa tsoron da ke cikin maganarsa ne ban iya ɗauka ba, sai na rufe shi da kalma mai daɗi, na bar shi da kayansa shi kaɗai. Har yau abin yana damuna. Ƙarfafa gwiwar da ta zo kafin sauraro, mai faɗin take yi wa aiki, kuma mai damuwa yana jin hakan ko bai iya faɗa ba.

Bincike ya goyi bayan abin da zuciya ta riga ta sani a nan. Joanne Wood ta Jami'ar Waterloo a Kanada ta nuna a 2009 cewa mutanen da ba su ganin ƙimar kansu, da aka sa su maimaita wa kansu cewa su abin ƙauna ne, sai suka ƙara jin ba daɗi, domin maganar ta yi nisa da abin da suka yarda da shi, sai zuciyarsu ta tashi tana kawo hujjojin ƙaryata ta. Abin da ke faruwa ke nan idan aka ce wa wanda ya karaya "ai kai gwarzo ne." Danne damuwa don a nuna fara'a ma yana da kuɗin da ake biya. A wani gwaji da Emily Butler da James Gross da wasu suka wallafa a 2003, an nuna wa mata biyu da ba su san juna ba wani fim mai tayar da hankali, aka ce su tattauna shi, aka umarci ɗaya a asirce ta ɓoye abin da take ji. Hawan jinin mai ɓoyewar ya ƙaru, na abokiyar hirarta ma ya ƙaru, kuma ba su ji kusanci da juna ba. Fuskar da aka shafa wa murmushin dole tana gajiyar da mai ita da mai kallonta.

Labarin James Stockdale ya fi kowane gwaji fito da wannan a fili. Hafsan sojan ruwan Amurka ne da aka harbo jirgin saman da yake tuƙawa a yaƙin Biyetnam a 1965, ya zauna a tsare har 1973, an azabtar da shi sau da yawa. Da marubuci Jim Collins ya tambaye shi su wane ne cikin waɗanda aka tsare su tare ba su fita da rai ba, sai ya ce masu cewa za a sake mu kafin Kirsimeti ne, Kirsimeti ta zo ta wuce, su ce kafin Ista, ita ma ta wuce, har zuciyarsu ta karye. Shi kuwa bai taɓa shakkar cewa zai fita a ƙarshe ba, amma bai yarda wannan yaƙini ya hana shi kallon munin halin da yake ciki ba. Darasin da ke ciki ga masu jinya da masu ta'aziyya da masu rarrashi shi ne kada a ɗaura fata a kan alkawarin da ba a hannunmu yake ba. "Za ta warke" alkawari ne da ban mallaka ba. Abin da na mallaka, kuma da shi ya kamata in yi wa abokina magana, shi ne in bar shi ya ƙarasa, in ce masa lallai wannan abu ne mai nauyi, in yi mata addu'a, in tambaye shi wace rana zan zo in karɓe shi zaman asibiti, in kuma tuna masa cewa ba shi kaɗai zai ɗauki wannan ba. Duk waɗannan fata ne, kuma babu ɗaya a cikinsu da gobe za ta iya ƙaryatawa.

Daga nan ake gane cewa kyakkyawan fata na gaskiya yana da hannu da ƙafa. Gabriele Oettingen, wadda ta koyar a Jami'ar New York da ta Hamburg, ta bambanta tsammanin nasara da aka gina a kan abin da mutum ya taɓa yi da mafarkin ido biyu na jin daɗin nasarar da ba ta zo ba. A binciken da ta wallafa da Doris Mayer a 2002, ɗaliban da suka fi nutsewa cikin mafarkin samun aiki sun aika takardun nema kaɗan, sun kuma samu tayi kaɗan, alhali masu tsammanin nasara bisa hujja sun fi samu. Mafarkin yana ba wa zuciya ladan aikin tun ba a yi shi ba, sai himma ta kwanta. Abin da ta ba da shawara shi ne mutum ya hango abin da yake so, sannan nan take ya dubi abin da zai tare masa hanya, ya shirya abin da zai yi idan ya iso wurin. A zamantakewa, wannan shi ne bambancin mutumin da ya ce wa matarsa bayan faɗa "in sha Allah ba za a sake ba" ya tsaya nan, da wanda ya ce ya lura fushinsa yana tashi ne idan ya dawo a gajiye aka tare shi da magana, don haka yana roƙon a ba shi ɗan lokaci ya huta, shi kuma ya yi alkawarin zai zauna a yi maganar kafin a kwanta. Na biyun ya fi yarda da gyaruwar zaman, shi ya sa ya ɗauki wahalar gano inda yake lalacewa.

Haka abin yake wajen yabon yaro ko ma'aikaci. Yabon da ya faɗi abin da aka gani, kamar a ce wa yaro an lura ya sake lissafin har sau uku bai bari ba, yana nuna masa cewa ƙoƙarinsa yana da tasiri, wato darasin nan da Maier da Seligman suka ce shi ake koya. Yabon da ake watsawa kan komai kuwa yaro yana saurin gane shi, daga nan ko an yabe shi da gaske ba ya yarda.

Dole kuma a faɗi iyakar kyautata zato, domin an cutar da mutane da yawa da sunansa. James McNulty da abokan aikinsa sun bi sababbin ma'aurata tsawon shekaru, suka wallafa a 2008 cewa fassara laifin abokin zama da kyakkyawar fuska tana amfani ne a auren da matsalolinsa ƙanana ne, amma a auren da matsalolinsa manya ne masu maimaituwa, masu yawan ba da uzuri sun ga matsalolinsu suna ƙaruwa, domin uzurin ya hana a fuskanci abin da ya kamata a fuskanta. Wannan ya dace da ma'anar da muka faro da ita. Tunda aikin mai kyakkyawan fata shi ne ajiye matsala daidai girmanta, to kamar yadda bai halatta ya mai da kuskuren rana guda halin mutum ba, haka bai halatta ya mai da halin da ya shekara goma yana maimaituwa kuskuren rana guda ba. Matar da ake duka, ko abokin da ake ci wa amana karo bayan karo, idan aka ce musu su dai kyautata zato, an nemi su rufe ido ne. Fatan da ya dace da su shi ne yarda cewa rayuwarsu tana iya fin haka, cewa akwai waɗanda za su saurare su idan sun yi magana, kuma wannan fata wani lokaci shi ne yake sa mutum ya kafa sharaɗi, ya nemi a shiga tsakani, ko ya nisanta kansa.

Saura wanda yake zaune da mai mummunan fata, mutumin da duk abin da aka kawo sai ya ga inda zai lalace. Abin da aka fi yi shi ne jayayya da shi, yana cewa ba zai yiwu ba ana cewa zai yiwu, kowa yana ƙara ƙarfin muryarsa, har a rabu shi ya ƙara tabbata cewa babu mai fahimtarsa. Abin da na ga yana aiki shi ne a amsa masa ɓangaren da ya yi gaskiya, domin sau da yawa haɗarin da ya hango yana nan, sannan a mai da maganar kan iyaka. Idan ɗa ya ce wa mahaifinsa shi ba zai taɓa iya lissafi ba, mahaifin yana iya cewa ya ga jarrabawar nan ta ba shi wuya ƙwarai, sannan ya tambaye shi wace tambaya ce ta fi tsaya masa, su buɗe littafin su duba ta tare. Yaron ya shigo da "ba zan taɓa ba," sai ga shi suna magana a kan tambaya ta huɗu da abin da bai gane ba a cikinta, ba tare da an ce masa ya yi ƙarya ba, kuma ba tare da an yi masa alkawarin zai zo na ɗaya ba. Wataƙila a zangon gaba ma ya sake faɗuwa, ya sake cewa ba zai iya ba, mahaifin kuma ya sake jawo kujera ya tambaye shi wace tambaya ce a wannan karon.